Pitmos, kokopit ko gawayin ɓuntu: me mai renon dashe a Kumasi zai zuba a tirensa?

Duk mai sayar da dashe a kewayen Kumasi, ko na tumatir da kabeji ne a tire, ko na koko da lemo a leda, ya san cewa kuɗin iri a fili yake, yana rubuce a jikin gwangwani. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne ƙasar da ake cika ramukan tire ko ledar da ita. In ba ta yi kyau ba, irin ya tafi, wahalar ban ruwa ta tafi, ranar da ka yi wa manomi alkawari ita ma ta wuce, kuma manomin da ya gyara kunyoyinsa a Gyinyase ko Akomadan ya zo ya tarar da dashe rabi a mace ba zai sake kiran lambarka ba.

Shekaru da dama, wanda ya ce zai yi renon zamani a tire, abin da ake nuna masa shi ne pitmos. Ganyayyaki ne da gansakuka da suka ruɓe rabi da rabi a ƙarƙashin ruwa, a fadamun ƙasashe masu sanyi irin su Istoniya, Latbiya, Finlan, Ailan da Kanada. A shekara guda, abin da fadamar ke tarawa bai fi kaurin milimita 1 ba. Ke nan buhun da ka zazzage cikin minti biyu ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Waɗannan fadamu kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma iskar kabon da suka riƙe ta fi ta dukkan dazuzzukan duniya, kuma da zarar an tsane su an haƙa, sai ta fara fita sama. Shi ya sa Turai ta soma ja da baya. Kamfanin gwamnatin Ailan, Bord na Móna, ya sanar a 2021 cewa ya daina haƙa gaba ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ma a 2022 ta bayyana niyyar hana sayar da shi ga masu lambun gida a Ingila.

Mu a nan, abin da ya fara taɓa mu ba dokar Turai ba ne, aljihu ne. Pitmos da dala ake sayensa, ya sauka a Tema, a biya kuɗin tashar jirgi, mota ta ɗauko shi kilomita fiye da 250 zuwa Kumasi. Wanda yake cikin wannan sana'a a 2022, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas kuma hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, ya ga yadda buhu ɗaya ke canza kuɗi tsakanin safe da yamma. Wani lokacin ma da kuɗinka a hannu sai a ce kaya bai iso ba. Sana'ar da ke tafiya da kalandar ruwan sama ba ta jiran jirgi.

Sai dai a ba pitmos haƙƙinsa. Wanda aka sarrafa don reno yana zuwa da laushi iri ɗaya daga buhu zuwa buhu, babu irin ciyawa, gishirinsa kaɗan ne, an riga an sa masa farar ƙasa ta rage tsaminsa daga pH (ma'aunin tsami, ƙaramar lamba na nufin tsami da yawa) wajen 4 zuwa tsakanin 5.5 da 6.5, kuma galibi da ɗan takin fara tafiya a ciki. Ka buɗe, ka yayyafa ruwa, ka cika, ka shuka. Ranar cirewa kuma saiwa ta naɗe shi tsaf, dashen ya fito da dunƙulensa bai watse ba. Ga ƙananan iri kamar latas da seleri da furannin ado, da wuya a samu abin da ya kai shi. Aibinsa babba ɗaya ne a yanayinmu: in ya bushe ƙurmus, ba ya son shan ruwa kuma. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yaro ya makara da ban ruwa rana ɗaya, sai ka ga ƙasar ta ja jiki ta rabu da bangon rami, ruwan da aka zuba ya bi ta gefe ya zube ƙasa, tsakiya kuwa a bushe. Mutum yana ganin ya ba da ruwa, dashe yana mutuwa da ƙishi.

Wanda ya fi kusa da maye gurbinsa shi ne kokopit, garin da ke fita daga ɓawon kwakwa idan an cire zaren. Yana zuwa a matse kamar bulo mai kilo 5, in an jiƙa shi ya kumbura ya ba da lita 60 zuwa 70. Yawancin na kasuwar duniya daga Indiya da Siri Lanka yake, amma yanzu ana yin sa a Ghana, kuma ya kamata, tunda ga kwakwa a Nzema da Jomoro da sauran bakin teku. Tsaminsa daidai yake tun asali, tsakanin 5.5 da 6.8, ba ya neman farar ƙasa. Yana riƙe ruwa, yana barin iska ta shiga, kuma ko ya bushe yana sake sha nan take. Wannan kaɗai ya sa na fi natsuwa da shi a hunturu fiye da pitmos. Ba ya saurin ruɓewa, don haka ba ya lotsawa a rami.

To amma kokopit yana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa suke yin asara su ce abin banza ne. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, ɓawonta cike yake da fotasiyam da sodiyam da kuloraid, wasu masu sarrafawa ma a ruwa mai gishiri suke jiƙa shi. In ka shuka kai tsaye a wanda ba a wanke ba, iri zai yi jinkirin fita, wanda ya fita bakin ganyensa ya ƙone, saiwa ta yi ja ta tsaya. Dole a wanke shi kamar yadda ake jiƙa kifin kobi kafin ya shiga miya. Ka samu rabin duro, ka huda gindinsa, ka shimfiɗa buhu a ciki, ka saka bulon ka cika da ruwa. Ruwan farko da zai fito ja ne wur, har da ɗan kumfa a sama. Ka bar shi ya tsane, ka sake cikawa, ka yi ta maimaitawa har ruwan ya yi haske. Ido dai ba ya ganin gishiri, saboda haka ƙaramar mitar EC mai auna gishirin ruwa, wadda ba ta fi alƙalami girma ba, ta fi wani buhun taki amfani a wurin reno. Don ƙananan dashe, so ake lambar ta sauko ƙasa da 1. Wanda bai samu mita ba tukuna, ya ɗibi kaɗan a kofi, ya zuba irin latas ya ajiye a inuwa mai sanyi, ya kuma zuba irin a auduga mai ruwa a gefe. Latas ba ya jure gishiri. Cikin kwana 4 ko 5 za ka ga bambanci in akwai.

Bayan wanki akwai mataki na biyu da aka fi tsallakewa. Kokopit yana kama kalsiyam da magniziyam ya riƙe, ya saki fotasiyam da sodiyam a madadinsu. Ke nan takin da ka ba tumatir, ƙasar ce ta fara shanye kalsiyam ɗinsa kafin saiwa ta samu, sai ka ga sabon ganye yana murɗewa, kan tsiro yana bushewa. Maganin shi ne a jiƙa shi dare ɗaya a ruwan da aka narka kalsiyam naitiret, a ɗauraye da safe. Akwai wanda ake sayarwa an riga an yi masa duka biyun, ya fi tsada, kuma ga mai tire ɗari ko sama da haka ina ganin ƙarin kuɗin ya cancanta. Amma ko buhun ya ce an wanke, ka gwada. Kaya ɗaya daga wuri ɗaya yakan bambanta tsakanin wata da wata.

Wani zai ce, ga ɓawon kwakwa nan tsibi-tsibi a Kejetia da bakin tituna, masu sayar da ruwan kwakwa suna neman wanda zai kwashe, me zai hana a niƙa? Waccan ɗanyar kwakwa ce, ɓawonta bai ƙosa ba, ruwa ya yi masa yawa, ga wani sinadari mai ɗaci da ke hana saiwa sakewa. Sai an daddatsa shi an tara ya yi watanni yana shan ruwan sama kafin ya yi amfani, kuma ko a lokacin ya fi dacewa da leda, ba tire ba.

Na uku, wanda nake ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi ba, gawayin ɓuntun shinkafa ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma masu injin casa sau da yawa neman kai suke da shi. Ɗanyensa bai dace ba, domin yana zuwa da ragowar shinkafa da irin ciyawa, ga ɓera da kaji suna bin sa. Ƙona shi ake yi rabi. Ana samun tsohon gwangwanin fenti babba a huhhuda shi, a haɗa masa bututun kwano a sama, a kunna wuta da ƙirare a ciki, sannan a tara ɓuntu a kewaye har ya rufe gwangwanin, bututun kawai ke leƙowa. Hayaƙi fari zai riƙa fita ta sama, baƙin kuma yana cin tsibin daga ciki zuwa waje. Duk inda ka ga baƙi ya ɓullo, ka ja ɓuntu ka rufe. Idan dukkan tsibin ya yi baƙi, a baje shi a kashe da ruwa nan da nan. Minti kaɗan na sakaci ya isa ya mayar da shi farar toka, toka kuwa kanwa ce, za ta ƙone dashe. Mai kyau shi ne wanda ka damƙa ka ga kowace ƙwaya da siffarta, baƙa, tana ƙara a hannu.

Amfaninsa iska ne da tsanewar ruwa. Wuta ta kashe cuta da irin ciyawa, ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa. A Kumasi, inda ruwan shekara ke kai wajen milimita 1,400, kuma Yuni kan zo da kwanaki a jere babu rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cutar da ke kama gindin dashe ya yi siriri ya kwanta, jiƙa da rashin iska take so. Amma gawayin ɓuntu shi kaɗai ba ƙasar reno ba ne. Ba ya riƙe ruwa sosai, ba ya kama saiwa ya yi dunƙule, kuma pH ɗinsa yana haura 7, wani lokacin har 8 ko 9. In ya yi yawa a haɗi, sabon ganye zai yi ɗorawa-ɗorawa jijiyoyinsa na kore, alamar tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe. Kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku ya wadatar, kuma a ɗauraye shi kafin a haɗa.

Garin katako kuwa, a garin da ke da kasuwar katako ta Sokoban da injinan yanka na Kaase da Ahinsan, kusan kyauta ne, kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kawai za ka biya. Araha ba ta ado. Ɗanyen gari yana da kabon ninki ɗaruruwa a kan naitirojin, saboda haka ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai su wawashe naitirojin ɗin da ke ramin, su bar dashe ya yi rawaya daga tsofaffin ganye, ya tsaya cik. Sai an haɗa shi da kashin kaji, an jiƙa, an tara, ana juyawa. Tsakiyar tsibin ya kamata ya kai zafin digiri 55 zuwa 65, in ka cusa hannu ba za ka iya barin sa ba. Watanni yake ɗauka, uku zuwa shida, har ya yi duhu, zafin ya sauka, warin kashin ya koma ƙamshin ƙasar daji. Garin wawa, farin itace mai laushi wanda masu noman laimar kwaɗi ke nema, ya fi saurin nuna fiye da na jajayen itatuwa masu tauri. Kuma a guji garin da ya fito daga katakon da aka yi wa maganin gara ko fenti, da na filawud mai gam. Ko ya nuna, ban ba da shawarar a sa shi da yawa a tire ba, domin kowane tsibi da halinsa. A leda kuwa yana da kyau ƙwarai.

Baƙar ƙasar da tifa ke kawowa ita kowa ya sani. A tire ba ta da wuri ko kaɗan: tana daskarewa, tana toshe iska, ga ciyawa, ga tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wadda za ka sayar wa manomi tare da dashe ta zauna a gonarsa shekaru. Ga nauyi, lita ɗaya ta haura kilo ɗaya. Kuma kowace tifa fatar gonar wani ce aka kankare. Takin shara da ake yi a masana'antu, kamar na Adagya a nan kusa da Kumasi ko na Adjen Kotoku a Accra, da takin da mutum ya haɗa da kansa, abinci ne, a sa kaɗan a tankaɗe, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar a tire, domin kowane taki da gishirinsa. Ƙwanson koko ma haka: fotasiyam ɗinsa ne ya sa ake yin sabulun salo da tokarsa, amma in bai ruɓe da zafi sosai ba, yana iya ɗauko cutar baƙin ƙwanso ya kai wa dashen koko.

Yanzu wanne za a ɗauka? Ya danganta da abin da ke cikin ramin da kuma tsawon zamansa. Tumatir sati 3 zuwa 4 yake yi a tire, kabeji wajen 4, tattasai da attarugu 5 zuwa 6. Ga waɗannan, abin da nake ba da shawara shi ne awo uku na wankakken kokopit da awo ɗaya na gawayin ɓuntu, babu pitmos ko kaɗan. A tsakiyar damina a ƙara gawayin, a hunturu a rage. Ga latas da furanni masu iri kamar ƙura, ko ga wanda ya sayi irin haibirid mai tsadar da ake ƙirga shi ƙwaya-ƙwaya kuma hannunsa bai faɗa da kokopit ba tukuna, ya bar pitmos ya zama kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Tsamin pitmos yana kashe kanwar gawayi, yana kuma taimaka wa dunƙule ya kama. Buhun da a da yake ƙarewa a sati ɗaya zai kai biyu ko uku.

Ga leda, maganar pitmos ma ba ta taso ba, asarar kuɗi ce. Koko yana yin wata 4 zuwa 6 a wurin reno, kwakwar manja kusan shekara, lemo da mangwaron aure ma suna daɗewa. Suna son abin da ke da jiki, mai riƙe abinci, wanda iska ba za ta kayar ba. Awo biyu na ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen garin katako, ɗaya na gawayin ɓuntu, haɗi ne mai kyau, ya rage tifa da rabi, ya rage nauyin da mota za ta ɗauka zuwa ƙauye. Ƙasar kuma a jiƙa ta a rufe da farar leda a rana sati 4 zuwa 6 a lokacin zafi, ko a turara ta a duro, kafin a haɗa.

Wajen lissafin kuɗi, kada a tsaya a farashin buhu. Tire mai rami 128 yana cin wajen lita 3. Bulon kokopit ɗaya ke nan zai cika tire kusan 20, dashe wajen 2,500, kuma buhun pitmos mai lita 70 ma kusan haka yake bayarwa. Sai ka ɗora wa kokopit kuɗin ruwan wanki, da ladan wanda ya wanke, da kalsiyam, da taki. Wanda ke sayen ruwa a tanka, wannan lissafin zai yi masa nauyi fiye da mai rijiyar burtsatse. Daga nan ka raba jimlar da adadin dashen da ya kai ga sayarwa, ba adadin ramuka ba. A irin haibirid, sau da yawa ƙwayar irin ta fi ƙasar ramin tsada nesa ba kusa ba, don haka haɗin da ya yi araha amma ya kashe goma cikin ɗari ya fi kowanne tsada.

Abin da ke kayar da mutane bayan sun canza ba ƙasar ba ce, hannun mai ban ruwa ne. Saman kokopit yakan yi fari-fari kamar ya bushe alhali ƙasansa jiƙe yake sharkaf. Yaron da ya saba da pitmos yana ganin haka sai ya ɗauko garwa, kwana uku gindi ya fara ruɓewa. Ka koya masa ya ɗaga tiren ya ji nauyinsa da safe bayan ban ruwa, ya sake ɗagawa da azahar, hannu zai gane abin da ido bai gani ba. Tiren kuma kada ya zauna a ƙasa, a ɗora shi a kan benci ko waya domin ruwa ya tsane, saiwar da ta leƙo ta ƙasa iska ta tsayar da ita. Taki ma haka. Pitmos na kanti yana ɗaukar dashe sati ɗaya ko biyu da abincin da aka sa masa, kokopit da gawayi kuwa kusan babu naitirojin a cikinsu. Da ganyen gaskiya na farko, wanda ke biyo bayan ganye biyun tsiro, ya fito, a fara ba da takin ruwa mai rauni, kaɗan-kaɗan a kai a kai, wanda ke da kalsiyam da magniziyam, a rage fotasiyam tunda kokopit na da nasa.

Kada kuma a juya dukkan wurin reno rana ɗaya, musamman gab da Maris lokacin da oda ta fi yawa. A ware benci ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, wasu tire da tsohon haɗi, wasu da rabi da rabi, wasu babu pitmos. A rubuta a jikin kowanne. A ƙirga waɗanda suka fito a kwana na bakwai, ranar cirewa kuma a zaro goma daga kowane tire a duba: saiwar fara ce ko ja, dunƙulen ya riƙe ko ya zube a hannu. A maimaita a damina, a maimaita a hunturu, domin haɗin da ya yi nasara a Janairu yana iya shaƙe saiwa a Yuni. Mai son a auna masa pH da gishirin haɗinsa da na ruwan rijiyarsa a ɗakin gwaji, Cibiyar Binciken Ƙasa ta CSIR tana nan Kwadaso, ga kuma sashen aikin gona na jami'ar KNUST. A kai samfurin haɗin a busasshiyar leda mai tsabta, ruwan kuma a sabuwar gora, a rubuta ranar da aka ɗiba da sunan kowane haɗi.